Awakin Nijmegen: gwajin da aka cakuɗa tangaran da ƙashi aka daɓe a ƙugun akuya

Mutane da yawa suna ɗauka in an yi wa mutum dashen ƙugu na ƙarfe shikenan an rabu da matsala har abada, to ba haka abun yake ba. Yana daɗewa kam, wani babban nazari da ya fito a 2019 ya nuna wajen 58 cikin 100 na irin wannan dashe suna kai shekara 25 suna aiki, amma sauran fa? Sauran su ne ke dawowa asibiti suna ɗingishi, a ɗauki hoto a ga ƙoƙon robar da aka kafa a kwarmin ƙugu ya fara girgiɗi kamar haƙorin da ke shirin fita, kuma ƙashin da ya kamata ya riƙe shi ya zaizaye ya bar rami. Neman abun da za a cike ramin nan da shi ne ya kai ga gwajin da aka yi a ƙugun awaki a garin Nijmegen.

Abun da ke cin ƙashin ba wani baƙon ciwo ba ne, dashen ne da kansa. Duk takun da mutum ya yi, kan ƙarfen yana goga cikin ƙoƙon roba, wasu ɓurɓushi ƙanana da ido ba ya gani suna karkarewa suna zuba a gaɓar. Jiki kuma yana da ƙwayoyin da aikinsu shara ne, duk abun da suka gani baƙo sai su haɗiye, su ake kira makurofej. To suna haɗiye robar amma ba sa iya narkar da ita, sai su yi ta aika saƙon neman agaji, saƙon nan kuma shi ke tada ƙwayoyin da ke cin ƙashi, wato ostiyokilas, su kama ci ba ji ba gani. A hankali a hankali kamar aikin gara, waje lafiya lau ciki ya zama holoƙo. Ranar da likita ya buɗe ya cire tsohon ƙoƙon, abun da zai tarar rami ne da ya fi sabon ƙoƙon girma nesa ba kusa ba, wani lokaci ma bangon kwarmin ya ɓule gaba ɗaya. Da me zai kafa sabon?

A 1979 wani likitan ƙashi a garin Nijmegen na ƙasar Holan, Tom Slooff, ya fara wata dabara da har yau ake amfani da ita. In bangon ya ɓule sai a toshe da ragar ƙarfe a ɗaure da sukurori, sannan a kawo ƙashin wani mutum da aka farfasa ƙanana ƙanana kamar tsakuwa, a zuba a ramin, a sa guduma da wani ƙarfe mai kan ƙwallo a yi ta dukansa, a ƙara wani a sake duka, har sai ya daɓu ya yi tauri ya ɗauki siffar kwarmin. A kan wannan daɓen ake zuba simintin ƙashi a danna sabon ƙoƙo. Daga baya likitocin Exeter a Ingila su Robin Ling da Graham Gie suka ɗauki dabarar suka kai ta cikin bututun ƙashin cinya a 1987. Kuma tana aiki, mutanen Nijmegen sun bi marasa lafiyansu na farko sama da shekara 20, suka buga a 2009 cewa in girgiɗin da ba na ƙwayar cuta ba kaɗai ake lissafi, wajen 87 cikin 100 na ƙoƙunan suna nan daram a shekara ta 20. Abun da ya fi burge ni da dabarar shine ba cike rami kawai take ba, jiki yana bin mataccen ƙashin nan yana cinyewa yana gina nasa mai rai a gurbinsa, wato mutum yana maido da ƙashin da ya rasa.

Inda gizo ke saƙar shine samun ƙashin. Yawanci kan ƙashin cinya ne da ake yankewa daga waɗanda aka yi wa dashen farko, maimakon a yar sai a nemi izininsu a kai bankin ƙashi, a gwada jinin mai shi ko yana da ƙanjamau ko ciwon hanta, a jefa firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Tiyata ɗaya ta gyara tana iya lashe kai biyu ko uku, in ramin babba ne ma fiye da haka. Ga masu buƙata suna ƙaruwa, ga ingancin ba ɗaya ba, don wanda ya bayar ɗin ma ai ba lafiyayye ba ne, ciwon gaɓa ne ya kawo shi asibiti, wani kuma tsoho ne ƙashinsa ya riga ya yi laushi. In aka ce a haska shi da wani haske mai ratsa jiki da ake kira gamma don kashe ƙwayoyin cuta sai ƙarfinsa ya ragu. Shi yasa tun tuni ake neman abun da za a sarrafa a masana'anta, a ɗauko daga kwali, ya tsaya a madadin ƙashi ko dai ya rage yawan wanda ake buƙata.

Abun da ya fi kusa shine tangaran na kalsiyam da fosfet. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashi ma'adini ne, kuma ma'adinin nan ɗan uwan wani abu ne da ake kira haidiroksiyafatait, a taƙaice HA. Akwai kuma ƙaninsa tiraikalsiyam fosfet, TCP. Bambancinsu a jiki shine HA taurin kai gare shi, yana iya shekara da shekaru bai narke ba, TCP kuma yafi saurin narkewa. Ba sabon tunani ba ne, tun 1920 Fred Albee a Amurka ya gwada TCP a karayar ƙashin zomaye. Sai masana'antu suka fara haɗa biyun, a gasa a wuta mai tsanani, a fitar da shi tsakuwa tsakuwa masu ƙananan ramuka a jiki yanda jijiyoyin jini da sabon ƙashi za su samu hanyar shiga. Ɗaya daga ciki shine BoneSave na kamfanin Stryker, TCP 80 cikin 100, HA 20.

To amma cike ramin da babu nauyi a kansa daban, cike ramin da zai ɗauki mutum daban. In mutum yana tafiya ta yau da kullum, nauyin da ke sauka a ƙugu ɗaya yana kai wajen ninki biyu da rabi na nauyin jikinsa, kuma haka zai yi ta sauka sau dubbai kullum. Sannan ga guduma. Ƙashi in ka dake shi lanƙwasa yake, ya matse, ya sarƙe da ɗan uwansa, don yana da kolajin a ciki mai ɗan danƙo. Tangaran ba ya lanƙwasa, fashewa yake. Nan ne tsoro ya shigo, kuma tsoron kala uku ne. Na farko, garin da zai fita daga fasassun tsakuwan zai iya silalewa ya shiga tsakanin kan ƙarfe da ƙoƙon roba ya zama kamar yashi a cikin inji, ya ninka karkarewar da ita ce tushen matsalar tun farko. Na biyu, garin zai iya tada makurofej kamar yanda ɓurɓushin roba ke yi, a koma gidan jiya. Na uku, ko zai hana sabon ƙashi shiga, ko ya sauya yanda siminti ke kutsawa cikin daɓen.

Babu yanda za a amsa waɗannan a kan tebur. A ɗakin gwaji ana iya daɓe haɗin a cikin ƙugun roba a sa inji ya yi ta dannawa, kuma an yi hakan, an ga haɗin da ke da tangaran ma yafi tsantsar ƙashi tsayawa wuri ɗaya, ƙoƙon ba ya nutsewa sosai. Amma inji ba shi da jini, ba shi da makurofej. Mutum kuma ba za a buɗe shi bayan wata uku a yanko ƙugunsa a duba ba. Shi yasa aka koma kan awaki.

Me yasa akuya? Ɓera da zomo sun yi ƙanƙanta, ba za ka sa musu cikakken dashen ƙugu da raga da siminti ba, kuma ƙashinsu yana warkewa da sauri fiye da kima. Akuya babba kwarmin ƙugunta ya isa a yi mata tiyatar kusan yanda ake yi wa mutum, da irin kayan, kuma ga wani abu da ke mata kyau a wannan gwajin, akuya ba ta jin maganar likita. Ba wanda zai ce mata ta riƙe sanda ta rage taka ƙafar, da ta samu dama za ta miƙe ta ɗora nauyi. In abu zai rushe a nan zai rushe.

Ƙungiyar da ta yi aikin ta asibitin jami'ar Nijmegen ce, su Chris Arts da Pieter Buma da Wim Schreurs da Nico Verdonschot, an buga sakamakon a 2005. Yanda suka yi shine, kowace akuya aka yi mata babban rami iri ɗaya a kwarmin ƙugu, da gangan, girma ɗaya wuri ɗaya don kar a ce wannan nata yafi na waccan. Aka rufe inda ya ɓule da ragar ƙarfe. Sai aka raba su gida biyu, gida ɗaya aka daɓe musu tsantsar fasasshen ƙashi kamar yanda aka saba, ɗayan kuma rabi ƙashi rabi tsakuwan TCP da HA, awon na cika ne ba na nauyi ba. Aka zuba siminti aka kafa cikakken dashen ƙugu, aka ɗinke, aka bar su suka yi mako 15 suna yawonsu. Bayan nan aka kashe su aka ciro ƙugun, aka yanka shi siriri siriri aka duba a madubin ƙara girma, aka kuma duba fuskar ƙoƙon da kan ƙarfen ko akwai karce.

Ga abun da suka gani. A tafiya da lafiyar dabbobin ba a ga bambanci tsakanin gidajen biyu ba. Yawancin mataccen ƙashin da aka zuba jiki ya riga ya cinye shi ya mayar da sabo a mako 15 ɗin nan. Manyan tsakuwan tangaran suna nan, sabon ƙashi ya zagaye su ya manne da su kamar dutse a cikin kankare. Ƙananan da guduma ta murƙushe kuwa, wasu ostiyokilas sun kewaye su suna ci, wasu makurofej da manyan ƙwayoyi masu cibiya da yawa sun haɗiye su. Zurfin da siminti ya shiga cikin daɓen kusan ɗaya ne a duka biyun, makin ingancin ƙashin da suka bayar shima haka. Sannan tsoron nan na yashi a inji, ba su ga alamar garin tangaran ya shiga gaɓar ya kankare ta ba.

Wato duka tsoro ukun ba wanda ya tabbata. Kuma su kansu da suka zo sa wa rahoton suna ba su ce mun samo madadin ƙashi ba, cewa suka yi ba a ga illa ba. Ni a ganina nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe in suna karanta irin wannan bincike. Ba a ga illa ba magana ce ƙarama, ba ita ce yafi ƙashi ba, ba ita ce ma daidai yake da ƙashi ba. Ma'anarta kawai in ka cire rabin ƙashin ka sa tangaran, a akuya, a wata uku da rabi, abun bai lalace ba. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, kai biyu sun koma kai ɗaya kenan daga banki, amma ka lura har yanzu rabin haɗin ƙashi ne na gaske, kuma shine ya yi aikin da ake alfahari da shi. Shi aka cinye aka sabunta. Tangaran ɗin zama ya yi aka gina a kansa.

Kuma wannan shine ainihin wuyar al'amarin, ana neman abu ɗaya ya yi aiki biyu masu karo da juna. A ranar tiyata ana so ya zama dutse, kar ya motsa ko kaɗan, don tun 1986 Robert Pilliar da abokan aikinsa a Kanada suka nuna a karnuka cewa in motsin da ke tsakanin dashe da ƙashi bai wuce maikuromita 28 ba ƙashi na shiga ya kama, in ya kai wajen 150 kuwa sai wata tsoka mai zare zare ta fito a tsakani maimakon ƙashi. Maikuromita 150 fa kaurin gashi biyu ne ko makamancin haka. Amma bayan watanni kuma ana so dutsen nan ya ba da hanya, ya narke, ƙashi mai rai ya gaje shi. In ya narke da wuri, kafin sabon ƙashi ya yi ƙwari, ƙoƙon zai nutse. In ya ƙi narkewa sam, ka cike rami ne kawai baka maido da komai ba, ranar da aka zo tiyata ta uku likita zai sake tarar da aiki. Tsantsar ƙashi tafi iya aiki na biyu, tangaran yafi iya na farko, shi yasa haɗin rabi da rabi ba rowa ba ce kawai, akwai hikima a ciki.

In kana son ganin yanda wannan ma'auni ke da santsi, duba abun da ya faru da aka ce bari a ƙara wa daɓen kuzari. Tun 1965 wani likitan ƙashi a Amurka, Marshall Urist, ya gano akwai wani abu a cikin ƙashi da ke sa jiki ya gina sabon ƙashi ko da a cikin tsoka ne, daga nan aka samo furotin ɗin da ake kira BMP. Hankali zai ce a zuba shi a daɓen, ƙashi ya fito da sauri, kowa ya huta. A Aarhus ta ƙasar Danmak, inda Kjeld Søballe ya daɗe yana da tsarin gwaji a karnuka, ana dasa wani ɗan guntun ƙarfe a ƙashi a bar tazara kewaye da shi a cike da abun da ake son gwadawa, bayan makonni a sa inji ya tura shi a auna ƙarfin da ya ɗauka kafin ya fita. Da aka haɗa BMP da fasasshen ƙashi sai aka ga ba masu gini kaɗai yake tayarwa ba, har da masu ci, kuma masu cin sun riga masu ginin isa wurin. Daɓen ya narke da wuri, riƙon ya yi rauni. Garin neman ƙiba aka samo rama. A Gothenburg ta Suwidin ma Johan Kärrholm ya gwada irinsa mai suna OP-1 a jikin mutane, rahotonsa na 2006 ya ce bai ƙara wa riƙon ƙoƙo ko sandar ƙarfen da ake sokawa a ƙashin cinya komai ba. Sai aka juya ɗaya ɓangaren, aka jiƙa ƙashin da maganin da ke hana ostiyokilas ci, irin su alendironet. A karnukan Aarhus da maganin ya yi yawa, daɓen bai narke ba kam, amma sabon ƙashi ma ya ƙi shiga, riƙon ya sake lalacewa, sai da aka rage shi sosai aka kuma ɗauraye rarar kafin aka fara ganin amfani. Gaba kura baya sayaki.

To mu dawo kan awakin. Me mako 15 ba zai iya faɗa ba? Da farko ramin nasu sabo ne, likita ne ya yanka shi a lafiyayyen ƙashi mai jini a jika. Ramin mutumin da ya zo gyara kuwa shekaru ya yi yana ruɓewa, bangonsa ya yi santsi ya ƙeƙashe kamar cikin kwalba, jini ba ya gudana sosai, mai shi kuma wataƙila ya haura saba'in, ga suga ga magunguna. Joan Bechtold ta Minneapolis a Amurka da Søballe sai da suka ƙirƙiro wani tsari na musamman a karnuka saboda wannan, su fara dasa abu mai motsi da ɓurɓushin roba na makonni har ramin ya zama irin na mai gyara, sannan a sake buɗewa a yi gwajin, kuma sun nuna irin wannan ramin baya kama dashe kamar sabo. Sannan saurin, abun da akuya ta cinye ta sabunta a wata uku da rabi, a mutum ana ciro samfur bayan shekaru a tarar har yanzu akwai guntayen mataccen ƙashi zaune a cikin tsoka mai zare, musamman a ƙashin cinya. Daɓen akuya kuma siriri ne in ka gwada da na mutum, jijiyar jini ba ta da nisan tafiya kafin ta kai ƙarshensa.

Ita ma maganar kankarewar, a nan nafi ɗari ɗari. Ciwon da ya kawo mu nan tun farko ciwo ne na shekara goma, sha biyar. Makurofej ɗin da aka gani cike da garin tangaran a mako na 15, hoto ne na rana ɗaya. TCP dai yana narkewa, wannan shine bambancinsa da roba, don haka akwai dalilin kyautata zato cewa za su gama da shi su watse. Amma gwajin bai tsaya ya ga ƙarshen ba, kuma ba laifin masu shi ba ne, riƙe manyan dabbobi shekaru ana ciyar da su ana duba su ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga ƙa'idar da aka gada daga wasu masana biyu, Russell da Burch, tun 1959 ta cewa a rage yawan dabbobin gwaji, a rage musu wahala, a sauya su da wani abu duk inda zai yiwu. Kowace akuya a gwajin nan an fasa mata ƙugun da lafiyarsa ƙalau, wannan ba abun da za a yi ta maimaitawa ba ne don kawai a ƙara adadi. Sai dai ƙarancin adadin shima yana da farashinsa, in dabbobi kaɗan ne a kowane gida, ƙaramin bambanci yana iya ɓuya, a ce ba a gani ba alhali yana nan.

A shekarar nan dai ta 2005 wasu a Bristol ta Ingila ƙarƙashin Ashley Blom suka buga nasu gwajin a tumaki, su kuma a bututun cinya, suka gwada tsantsar ƙashi da rabi da rabi da kuma wanda tangaran ya kai 90 cikin 100, suka bi su har wata 18, wanda ya ninka na awakin kusan sau biyar. Su ma haɗin ya riƙe. Amma a cinya wata matsala ta fito daga wani waje daban, gwajin da aka yi a Holan a kan ƙasusuwan cinya na gawa ya nuna haɗin tangaran yana rage nutsewar sandar, amma yana ƙara haɗarin ƙashin ya tsage lokacin duka, don tangaran ba ya shanye bugun guduma, miƙa shi yake kai tsaye ga bangon ƙashin da dama ya riga ya zama siriri. Ka ga wannan akuya mai lafiyayyen ƙashi ba za ta taɓa nuna maka shi ba. Kwarmin ƙugu yafi haƙuri da duka, shi yasa a nan aka fi sakin jiki da haɗin, mutanen Bristol sun ci gaba sun yi wa marasa lafiya rabi da rabi a kwarmi kuma sun ba da rahoton sakamako mai kyau bayan wasu shekaru. A Jafan ma likita Hironobu Oonishi ya yi shekaru yana cike irin wannan rami da tsakuwan HA.

Akwai wani ƙaramin abu da nake ganin an fi raina shi, hannun likita. Girman tsakuwan, yawan dukan, ko an ɗauraye kitse da ɓargo daga fasasshen ƙashin kafin a zuba, duk suna sauya sakamako. A kwarmi manyan gutsattsari na milimita 8 zuwa 10 sun fi ƙanana riƙo, ɗaurayewa kuma tana sa su sarƙe da kyau don kitse santsi yake sawa. Tangaran ya zo da nasa halin, ba ya manne da juna kamar ƙashi, warwatsewa yake, yana wahalar tsayawa a saman kwarmi inda ake buƙatarsa, shi yasa har aka gwada haɗa shi da wani kwaɓin HA mai laushi don ya kamu a hannu. Waɗanda suka yi wa awakin nan tiyata su ne magadan Slooff mai dabarar, a asibitin da aka haife ta. Sakamakon hannunsu ba lallai ya zama na kowa ba.

Su kansu mutanen Nijmegen ba su tsaya a kan tangaran ba. Tunda matsalarsa fashewa ce, sai suka nemi abun da zai lanƙwasa kamar ƙashi in an dake shi, suka koma kan tsakuwan taitaniyam masu ramuka kamar soso. Lucas Walschot da abokansa suka sake irin gwajin, awaki 10, mako 15, aka buga a 2014, aka ga sabon ƙashi ya shiga ya lulluɓe tsakuwan sosai. Wannan karon babu ƙashin banki a ciki ko kaɗan, amma kuma taitaniyam baya narkewa, ba a shekara ɗaya ba ba a hamsin ba, duk wanda aka zuba masa da shi za a binne shi.